Wutar da Ba Ta da Sawu

Rumfar ciyawa ta gabas ta kama da wuta ranar Talata da rana tsaka, mutane na tsaye suna kallo. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, dami dubu da ɗoriya na harawa, abincin shanun gonar na rani guda, ya koma toka. Kafin tokar ta huce kuma har an samu mai laifi. Wannan bai ba ni mamaki ba. Shekara talatin da wani abu ina bin sawu, na ɓarayin shanu da na masu haura katanga, ban taɓa zuwa inda aka rasa wanda ake zargi ba. Shaida ce dai kullum take wuya.

Washegari da sassafe Maigida, mai gonar, ya aiko aka ɗauko ni. Na tarar da shi tsaye a bakin tokar, ma'aikata sun yi cirko-cirko a bayansa, wasu da sanduna.

"Dattijo, aikinka ba shi da yawa," in ji shi. "Mun san wanda ya yi. Mai waldar nan ne, Bahago. Yana kulle a sito. Da la'asar 'yan sanda za su zo su tafi da shi. Abin da nake so ka nuna musu sawunsa, shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, in kun riga kun sani, me ya sa aka hana ni barcin safe?"

"Saboda su takarda suke so, ba magana ba."

"To ni ƙasa nake karantawa. Abin da ta ce shi zan faɗa, ko da daɗi ko babu."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in yi sauri.

Na tambayi ma'aikata me ya sa Bahago. Baki ya yi yawa. Baƙo ne, bai fi wata bakwai da zuwa ba. Ba ya gaisuwa yadda ya kamata. Wuta ce sana'arsa. Sannan wanda ya fi duka: ranar Litinin da safe, a gaban mutum biyar, ya tsaya a ƙofar Maigida ya ce, "Rumfar nan taka za ta ci wuta." Washegari kuwa ta ci.

Sito ɗaki ne na bulo mai taga ɗaya da ƙarafa, an garƙama masa kwaɗo. Matar Bahago na zaune a bakin ƙofar a kan bokitin da ta kife, ta riƙe guduma a cinya.

"Sannu, 'yata. Gudumar ta mece ce?"

"Ta wanda ya fara zuwa da sanda ce, Baba."

Na leƙa ta tagar. Yana zaune a kan buhu, leɓensa ya kumbura.

"Kai ka ce rumfa za ta ci wuta?"

"Ni na ce."

"Me kake nufi?"

"Abin da na faɗa."

"Yaro, ni ba ɗan sanda ba ne. Taimakonka na zo yi."

"Baba, jiya na yi bayani sau uku. A na ukun aka fasa min baki. Na gama. Wanda ya ba da labarin hadari ba shi ya kawo ruwa ba. In suna so su kai ni, su kai ni."

Matar ta ce, "Tun daren jiya wani ya ce zai ɓalle masa taga ya gudu. Ya ƙi."

"In gudu in je ina? In gudu ai na amsa ke nan."

Na ce ya miƙo min takalminsa na hagu ta tsakanin ƙarafa. Na duba gindinsa, na mayar masa.

Gaban rumfar ba abin karantawa. Ƙafa ɗari ta tattake shi, ga ruwan kwana-kwana. Sai na zaga baya, inda ba wanda ya damu ya je. A nan ƙasar yumɓu ce. An yi ruwa ranar Asabar, ruwan ƙarshe na damina, rana kuma ta gasa lakar har ta riƙe duk abin da ya taka ta.

Sawun Bahago na nan, ba musu. Takalmin aiki, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Ya bi jikin bango a hankali, taku gajere-gajere. Wuri uku ya tsaya, ƙafafu a haɗe, yatsu na fuskantar bango, nauyinsa a gaba, kamar mai kai hanci kusa da abu. Bai durƙusa ko sau ɗaya ba. Mai cinna wuta kuwa dole ya durƙusa, kuma in ya tashi takunsa na komawa yakan fi na zuwa faɗi, domin ko jarumi ne ƙafarsa matsoraciya ce. Wannan da irin takun da ya zo da shi ya koma. Na bi shi har ya hau tsakuwa, hanyar kuma ba ta zuwa ko'ina sai ƙofar Maigida.

A gindin bangon dai na tsinci guntayen taba guda shida. Na zuba a aljihu na je neman maigadi.

Tsoho ne sa'ana, siriri, ido ja. Da ya ga abin da ke tafin hannuna sai ya fara rantse-rantse.

"Ajiye rantsuwar nan, abokina, za ta yi maka amfani wani wuri. Naka ne?"

"Nawa ne. Amma wallahi da yawu nake kashewa. Duba ka gani."

Na duba. Kowanne an murje kansa, kuma duk sun sha ruwan Asabar sun bushe. Babu na bayan ruwa ko ɗaya.

"Ka daina shan taba ranar Asabar?"

"Ni? Sai dai a kabari."

"To me ya sa ka daina zama a nan?"

Ya waiga hagu da dama. "Kar ka gaya wa Maigida. In asuba ta yi sanyi na kama ni, nan nake zuwa in jingina da dammunan ta inda tamfol ya ɗage. Ɗumi gare su, kamar ka jingina da cikin saniya. Ciwon bayan nan nawa har sauƙi ya yi. Sai daga baya abin ya wuce ɗumi, na tashi da gumi, ga wani wari."

"Warin ruɓa?"

"A'a. Daɗi-daɗi, kamar sukari ya kama a tukunya. Yana hawa min kai. Shi ne na koma bakin ƙofa."

"Ka gaya wa wani?"

"In ce me? In ce wurin barcina ya lalace?"

Wani ya zo da gudu yana cewa an samo jarkar kananzir a cikin ciyayi. Mutane suka yi caa a kai. Na buɗe na sansana. Ruwan gishiri ne na maruƙa, kuma gizo-gizo ya yi saƙa a hannunta. Na ce su mayar inda suka ɗauko.

Na koma bayan rumfar, na tsuguna har gwiwa ta yi ƙara. Na daina neman mutum, na fara duba duk wani abu mai ƙafa. A ƙasan bango akwai wata kafa inda bulo ɗaya ya fita. Daga cikinta sawun kyanwa ya fito, ya nitse sosai a laka. Ke nan ta taka ne ranar Asabar, ƙasa na ɗanya sharaf. Fita huɗu, komawa uku. A kowace fita ƙafafun gaba sun fi nitsewa, taku a takure, irin na wadda ta ɗauko abu a baki ta ɗaga kai. A komawa kuwa da sauri take, ba nauyi.

Na bi. Ya kai ni ƙarƙashin wani tsohon amalanke da ƙafarsa ta karye, can kusa da kwata. Tana nan kwance a kan buhu mai laima, 'ya'ya huɗu na tsotso, idonsu bai gama buɗewa ba. Ta yi min huci.

"Yi haƙuri, uwar gida," na ce. "Ni ma aiko ni aka yi."

Kyanwa ba ta son jiƙa ƙafa ko don kifi. Wadda ta bar busasshiyar ciyawa ta kwaso jarirai cikin laka ta kawo su gefen kwata, ba banza ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kwana uku kafin a ga hayaƙi, kwana biyu kafin Bahago ya buɗe baki, ita ta riga ta san gidan ba na zama ba ne.

Daga nan ƙafata ta yi nauyi, don na san inda zan je.

Shugabar matan da ke yanka da shanya ciyawa a gonar yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya ni. Na same ta a inuwar ɗakin madara tana gyaran igiya.

"Auta, an ce kana can kana hira da kyanwa."

"Ta fi mutanen gonar nan gaskiya, Yaya. Yaushe aka ɗaure harawar nan?"

"Mako uku ke nan. Huɗu saura kaɗan."

"Da wane lokaci?"

"Ka girma a gidan wa? Da sassafe mana, da raɓa. Wa ke taɓa harawa da rana? Ganyen ya karkaɗe ka bar wa shanu kara?"

"Da hannu kuka ɗaure?"

"Ina! Bana inji Maigida ya kawo. Ya haɗiye ta ya matse ya tofo ta kamar bulo. Mai injin ya so ya fara da hantsi, na ce ba a gonata ba." Ta ɗaga kai. "Me kake kallona haka?"

"Da, in kun ɗaure da raɓa, ina kuke sa ta?"

"A kan rumfa, sako-sako, iska na ratsa ta. Kwana biyu ta..." Igiyar ta tsaya a hannunta.

"Wannan kuwa an matse ta, an jera har rufi ba ko tazarar hannu, an ja tamfol an rufe. Raɓar ta bi ta ina ta fita, Yaya?"

"Kai, tashi ka ba ni wuri! Ruwa ne zai haifi wuta? Shekara arba'in ina ɗauri da raɓa, ko kara ɗaya bai taɓa ƙonewa ba."

"Kin taɓa tura hannu cikin tulin taki da safe, kin ji zafin da ke ciki?"

Ta ajiye igiyar a ƙasa.

"Rumfar yamma fa, wadda ke manne da garken maruƙa? Ita ma ɗaurin raɓa ce?"

"Bayan waccan da kwana huɗu." Muryarta ta sauka. Can ta ce, "Za ka faɗi sunana a gaban mutane."

"Ƙasa ba ta ba ni sunanki ba. Amma ba zan bari a tafi da yaron can ba."

"Ka tafi," in ji ta. Ta juya min baya.

Na bi ta rumfar aikin Bahago na ɗauki rodi mai tsawon mutum da rabi, na wasa bakinsa a dutse. Na je rumfar yamma, na ɗaga gefen tamfol. Cikinsa jiƙe yake da ɗigo-ɗigo, alhali rufin ba ya yoyo. Warin da maigadi ya faɗa ya doke ni. Na soka rodin a tsakiyar jeri har sai da ya rage kamu biyu, na bar shi a nan. Sannan na aika a ce wa Maigida na samo mai laifi, ya tara mutane a nan, ba a ofis ba.

Suka taru kafin la'asar. Maigida a gaba, maigadi na raɓe-raɓe, Yaya can baya cikin mata ta harɗe hannu. Matar Bahago ta ƙi barin ƙofar sito, amma sito na kallon wurin, suna ji.

"To, Dattijo. Sawun wa ka gani?"

"Na Bahago."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Maigida ya gyaɗa kai.

"Na ga inda ya tsaya ya sansana bango sau uku, na ga inda ya miƙe ya zo ƙofarka ya faɗa maka. Hancin mai walda ya san warin abin da ke shirin kamawa. Gargaɗi ya kawo maka, ranka ya daɗe, kai kuma ka ji barazana, don daga bakin baƙo ta fito."

"Ba wa'azi na kira ka ba. Wa ya sa wutar?"

"Ba wanda ya shigo da ita. Na duba ƙasa taku-taku, duk abin da ke da hankali fita ya yi. Maigadi ya fita, kyanwa ta kwashe 'ya'yanta tun Asabar. Wutar nan a ciki aka haife ta. Kun ce baƙo ne ya yi. Ai dama an ce baƙo raɓa ne. To wannan karon raɓar ce baƙuwar, ku kuka shigo da ita, kuka rufe ta da tamfol."

Wani ya yi dariya daga baya. "Tsoho ya fara ruɗewa. Kyanwa ce shaidarsa!"

Fuskar Maigida ta haɗe. "Ka ji ni da kyau. Na yi asarar abincin shanu na rani guda. 'Yan sanda na hanya. Ba zan ce musu raɓa ta ƙone min rumfa ba, gari ya yi min dariya. Ka nuna sawun nan ka yi shiru, ko kuwa in tabbatar ba mai gonar da zai sake kiranka."

"Ranka ya daɗe, da ka kira ni da ba ka kira ni ba, ƙasa ba za ta sake rubutu ba. Ni na tsufa da a saya min baki. Amma gani ya kori ji. Ga rodi can. Ba Bahago ya soka ba, yana kulle tun jiya, makullin na aljihunka. Zaro shi da hannunka."

"Wasan yara za ka sa ni?"

"In sanyi ka ji, ni da kaina zan raka yaron mota, in kuma ce na ga ya durƙusa da ashana."

Ya dubi mutane, mutane suka dube shi. Ba yadda zai yi. Ya naɗe hannun riga ya kama rodin ya ja. Ya fito a hankali, yana ja yana matsar da hannu gaba. Da ya kai rabi sai ya yi ƙara ya yar da shi, ya cusa hannun a hammata. Bakin rodin ya faɗa cikin ɗan ruwan da ke kwance a gefe, tururi ya tashi. Ta ramin da ya bari wani siririn hayaƙi ya biyo.

Ba wanda ya ƙara dariya.

Samari biyu suka zabura za su yaye tamfol. Na daka musu tsawa.

"Kar wanda ya taɓa! Iska take jira. Kuna buɗewa za ta tashi. Kar kuma wanda ya hau kai, cikin na iya zama rami. A fara fitar da maruƙa, a kira 'yan kwana-kwana su zo su tsaya da ruwa, sannan a zare dami ɗaya-ɗaya a kai fili."

Aka watse da gudu. Maigida na nan riƙe da hannu, amma bai gama ba. Irinsu ba sa iya kwana ba mai laifi.

"To wa ya ce a ɗaure ta da laima? Wa ya ba da wannan umarni?"

Na ce a raina ko za a yanka ni ba zan faɗa ba.

"Ni ce."

Yaya ta ratso mata ta fito, ta tsaya a gabansa.

"Ni na ce a ɗaure da raɓa, kamar yadda na yi wa mahaifinka shekara da shekaru, shanunsa kuma ba su taɓa cin kara ba. Ban san halin injinka ba, ban kuma tambaya ba. Wannan nawa ne, na ɗauka. Amma wa ya ce a cusa ta har rufi don kar a gina rumfa ta uku? Wa ya sayo tamfol ya ce ko iska kar ta shiga? In za ka ba 'yan sanda mutum, ga ni, sai dai motar ta zama mai kujera biyu."

Maigida ya dubi hannunsa da ya ƙone. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ya laluba aljihu da hannun da bai ƙone ba, ya ciro makulli ya jefa wa maigadi.

"Je ka buɗe shi."

Maigadi ya ruga. Kafin ya kai, murya ta fito daga tagar sito.

"Baba maigadi, tsaya nan. Ba kai ka kulle ni ba."

"Haba ɗana, fito mana, magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. A gaban mutane aka ja ni aka jefa nan. Wanda ya murɗa makullin nan shi zai murɗa shi baya. In ba haka ba, ina nan har 'yan sanda su zo su tambayi dalilin da ya sa nake ciki."

Matarsa ta gyara zama a kan bokitinta.

A bayanmu maruƙa na kuka ana kora su, can nesa an fara jin jiniya. Maigida ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dube ni, wai ko zan sa baki. Na duƙa ina kakkaɓe laka daga gwiwar wandona.

Taku ashirin da uku ne daga inda yake zuwa ƙofar sito, na ƙirga, kuma ban taɓa ganin mutum ya ja ƙafa a ƙasa irin haka ba. Ya karɓi makullin daga hannun maigadi. Hannun dama ya kumbura, ba ya riƙo, sai da ya koma hagu, ya yi ta fama, makulli na zamewa. Matar ba ta matsa masa ba, sai da ya ce, "Ɗan ba ni wuri, don Allah."

Kwaɗo ya buɗe. Bahago ya fito yana ƙifta ido. Bai dubi Maigida ba. Ya dubi hayaƙin da ke fita daga rumfar yamma, ya juya wurin matarsa.

"Ajiye gudumar nan ki ɗauko min ƙugiyoyina dogaye," ya ce. "Da hannu za su ja dammunan nan, wawaye, su ƙone."